Haɗa Jeri da Jeri a Aikin Kwamfuta: Yadda Ake Ɗaure Kowane Bayani da Lambarsa

Duk wanda ya taɓa riƙe rijista a ofis, ko a makaranta, ko a asibiti, ya san yadda shafinta yake. Akwai layuka da suka sauko daga sama zuwa ƙasa, wannan na sunaye, wannan na garuruwa, wancan na kuɗi, sa'an nan ga sadarori da suka ratsa su daga hagu zuwa dama, kowace sadara tana ɗauke da labarin mutum guda. A can gefen hagu kuwa akawu yakan sa lamba, 1, 2, 3, har ƙarshen shafi. Muddin takardar ba ta yage ba, sunan mutum ba zai rabu da kuɗinsa ba, domin ita takardar ce ta riƙe su wuri ɗaya.

A cikin kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, ba kullum ake samun wannan sauƙi ba. Sau da yawa bayanai sukan iso hannun ma'aikaci a rarrabe, sunaye daga wannan sashe, alƙaluman albashi daga wancan, kowanne a jere shi kaɗai. Babu abin da ya haɗa suna na bakwai da kuɗi na bakwai illa dukansu biyu na bakwai ne. Idan ɗaya ya gusa da taki guda, to, haƙƙin wani ya koma hannun wani ke nan, kuma na'urar ba za ta ce uffan ba. Saboda haka wannan ƙasida za ta bayyana yadda ake ɗinke irin wannan jeri da ɗan'uwansa su koma kamar sadarorin rijista, kowace da lambarta, tare da nuna wuraren da ake yawan yin tuntuɓe. An shirya ta ne domin ɗalibai da ma'aikatan ofis da suka fara koyon tsara wa kwamfuta umarni. Amma wanda bai taɓa zama gaban na'urar ba, shi ma zai iya bin bayanin, kuma yana da dalilin bi, tun da yake da wuya a sami ɗan ƙasa a yau wanda sunansa ba ya cikin wani jeri a wata na'ura.

Za a kawo misalan ne da harshen Python, wanda wani masani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a shekarar 1991. Kyauta ake samunsa, kuma umarninsa gajeru ne masu sauƙin karantawa.

JERI DA GURBI

Jeri shi ne abubuwa da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, aka ba su suna guda. A Python akan sa su cikin baka masu kusurwa, a raba su da waƙafi. Ga jeri uku, waɗanda aka ɗauko daga jihohin tarayya, jiha ɗaya daga kowane karo da aka ƙirƙiro jihohi a Nijeriya:

    jihohi = ["Kwara", "Imo", "Akwa Ibom", "Jigawa", "Zamfara"]
    birane = ["Ilorin", "Owerri", "Uyo", "Dutse", "Gusau"]
    shekaru = [1967, 1976, 1987, 1991, 1996]

Na farko sunayen jihohin ne, na biyu manyan biranensu, na uku kuma shekarun da aka kafa su. Kowane abu a cikin jeri yana da gurbi, kowane gurbi yana da lamba. In aka rubuta jihohi[3] na'ura za ta ba da Jigawa, in aka rubuta birane[3] ta ba da Dutse, in aka rubuta shekaru[3] ta ba da 1991.

Mai karatu da ya ƙirga da yatsa zai ce ai Jigawa ta huɗu ce, ba ta uku ba. Gaskiya ne, a ƙidayar mutane. Python dai daga sifili yake fara ƙirga, kamar yadda harshen C da wasu da yawa suke yi, don haka Kwara ce ke gurbi na 0, Zamfara kuma na 4. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce a tuna da alamun kilomita na bakin titi. Lambar da ke jikin alamar nisa take nunawa daga inda aka taso, kuma wanda bai bar tasha ba, nisansa sifili ne. Haka lambar gurbi take, tana faɗin taki nawa aka yi daga kan jeri. Wani shahararren masanin kwamfuta, shi ma ɗan Holan, Edsger Dijkstra, har ya rubuta ɗan gajeren bayani a 1982 yana kāre wannan ƙidaya. Duk da haka ba a taru a kanta ba: harshen Fortran, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, daga 1 yake farawa in ba a ce masa wani abu dabam ba. Wanda yake aiki da harsuna biyu sai ya riƙa tambayar kansa a kowane lokaci daga ina wannan yake fara ƙirga.

To, a lura da abin da ya riƙe jerin nan uku tare. Na'ura ba ta san Dutse tana Jigawa ba. Abin da ta sani kawai shi ne dukansu suna gurbi na 3. Yanzu a ce wani ma'aikaci mai son tsari ya ga sunayen jihohin a hargitse, ya umarci na'ura ta jera su bisa tsarin abacada, ya manta da sauran jeri biyun. Jihohin za su koma Akwa Ibom, Imo, Jigawa, Kwara, Zamfara, alhali biranen suna nan yadda suke. Daga nan Ilorin ta zama babban birnin Akwa Ibom, Uyo ta koma Jigawa, Dutse ta tafi Kwara. Abin da ya fi ban tsoro shi ne Imo da Zamfara ba su motsa daga gurabensu ba, har yanzu suna tare da Owerri da Gusau. Shugaban sashe da zai duba aikin, in ya leƙa sadarar ƙarshe kawai ya ga Zamfara da Gusau, sai ya sa hannu hankalinsa kwance, bai san kallon kitse yake wa rogo ba. Da biranen jihohi kowa zai gane kuskuren nan take. Da a ce makin jarrabawa ne, ko lambobin asusun banki, babu wanda ya haddace su balle ya gane.

ƘULLI

Maganin wannan shi ne a ɗaure abubuwan da suke na juna a wuri ɗaya tun kafin a fara jujjuya su. Abin da ake ɗaure su a ciki, masana suna kiransa tuple da Turanci, a nan kuwa za a kira shi ƙulli, don ya yi kama da ƙullin gishiri ko na yaji da ake saya a kasuwa: an zuba, an ɗaure baki, ba a ƙarawa ba a ragewa. Akan rubuta shi cikin baka biyu na yau da kullum:

    ("Jigawa", "Dutse", 1991)

Bambancinsa da jeri shi ne, jeri ana iya ƙara masa, a cire, a sāke masa tsari, amma ƙulli da zarar an yi shi, Python ba zai yarda a musanya abin da ke gurabensa ba. Wanda ya gwada sai na'ura ta tsai da aiki ta sanar da kuskure. Wannan taurin kai shi ne amfaninsa.

Tunanin ya girmi kwamfuta. A ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 an yi aiki da na'urar Herman Hollerith, wadda ke karanta katuna masu huda, kuma kowane mutum katinsa guda ne, shekarunsa da jinsinsa da sauran bayanansa duk a jikinsa. Ko an zubar da katunan a ƙasa an tsince su a hargitse, shekarun wani ba za su koma katin wani ba. A 1970 kuma Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idar da yawancin rumbunan bayanai na bankuna da hukumomi suke bi har yau, inda kowace sadara ƙulli ce. Al'adar ajiye jeri dabam-dabam gefe da gefe ta yaɗu ne saboda wasu harsunan farko ba su da wata hanya. A Fortran, alal misali, sai da aka zo fitowar da ake kira Fortran 90 kafin mai tsara umarni ya sami ikon haɗa suna da lamba cikin abu guda na ƙirar kansa.

ƊINKI DA ZIP

Tsohuwar hanyar bin jeri biyu tare ita ce a ƙirga gurabe, a riƙa leƙa kowane jeri da lambar:

    for n in range(len(jihohi)):
        print(n, jihohi[n], birane[n])

Ma'anarsa ita ce: a auna tsawon jihohi, sa'an nan ga kowace lamba daga 0 zuwa 4, a buga lambar da jihar da birnin. Yana aiki, kuma har yanzu ana ganinsa a littattafai. Sai dai bugawa kawai ya yi, bai ɗaure kome ba, jerin suna nan a rarrabe kamar dā.

A shekarar 2000, cikin Python 2.0, aka shigo da umarnin zip bisa shawarar Barry Warsaw. Sunan daga zif ɗin tufafi aka aro shi, wanda ke kama haƙori ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, yana tafiya yana haɗa su.

    haɗe = list(zip(jihohi, birane, shekaru))

Abin da zai fito shi ne jeri guda mai ƙulli biyar:

    [("Kwara", "Ilorin", 1967), ("Imo", "Owerri", 1976),
     ("Akwa Ibom", "Uyo", 1987), ("Jigawa", "Dutse", 1991),
     ("Zamfara", "Gusau", 1996)]

Mai karatu zai ga an rubuta haɗe da ɗ mai lanƙwasa a cikin umarnin. Wannan halal ne tun daga Python 3, wanda ya fito a 2008, domin ya yarda a sa ƙ da ɗ da ɓ a sunayen da mutum yake raɗawa.

Yanzu ma'aikacin nan mai son tsari yana iya jerawa yadda ya ga dama. In ya rubuta sorted(haɗe), Akwa Ibom za ta hau sama tare da Uyo da 1987, Kwara ta sauko da Ilorin ɗinta. Na'ura takan duba abu na farko a kowane ƙulli ta jera da shi, sai in biyu sun yi kunnen doki sa'an nan ta duba na biyu. Akwai dai abu ɗaya da ya shafi masu rubutun Hausa musamman: jerawar na'ura tana bin lambar da aka ba kowane harafi a tsarin haruffan kwamfuta na duniya, kuma haruffa masu lanƙwasa suna can bayan Z. Saboda haka Ƙaraye za ta zo bayan Zariya in ba a yi wani tanadi ba. Wannan bai raba ƙulli da abin da ke cikinsa ba, amma mai neman suna a takarda zai iya zaton an tsallake shi.

In kuma daga baya aka bukaci jerin a rarrabe, ana iya warware ɗinkin da wannan umarni dai, a sa tauraro gaban sunan: zip(*haɗe). Zai mai da jihohi gefe ɗaya, birane gefe ɗaya, shekaru gefe ɗaya.

SA LAMBA

Saura lambar gefen hagu ta akawu. Ita ce ke sa a iya cewa "a duba sadara ta 214" maimakon a bi shafi da yatsa. Umarnin da ke yin wannan shi ne enumerate, wanda ya shigo a Python 2.3 a shekarar 2003 bisa shawarar Raymond Hettinger. Aikinsa shi ne ya ɗauki kowane abu ya ƙulle shi tare da lambar gurbinsa. In aka ɗora shi a kan zip:

    list(enumerate(zip(jihohi, birane)))

sai a sami:

    [(0, ("Kwara", "Ilorin")), (1, ("Imo", "Owerri")), ...]

A nan ne masu koyo da yawa suke rikicewa, kuma ya dace a tsaya a duba da kyau. Abin da ya fito ƙulli ne a cikin ƙulli. Na waje abu biyu ke cikinsa, lamba da wani ƙulli, na ciki kuma shi ke ɗauke da jiha da birni. Wanda ya zaci abu uku ne a jere, ya rubuta for n, j, b, na'ura za ta ƙi, ta ce an nemi uku alhali biyu ta samu. Dole siffar abin karɓa ta yi daidai da siffar abin da ake miƙowa, watau a sa baka a inda baka take:

    for n, (j, b) in enumerate(zip(jihohi, birane), start=1):
        print(n, j, b)

Wannan start=1 da aka ƙara yana gaya wa na'ura ta fara ƙirga daga 1, kamar yadda akawu yake yi. An samar da shi ne a Python 2.6. Yana da kyau ga takardar da mutane za su karanta, amma a tuna cewa lambar da ke takardar yanzu ta ɗara lambar gurbi da ɗaya. Wanda ya ga "3 Akwa Ibom" a takarda, ya koma na'ura ya rubuta jihohi[3], Jigawa zai samu. Shawarar da ta fi ita ce a bar ƙidayar sifili a cikin aiki, a juya ta zuwa ta mutane a wuri ɗaya tak, wurin bugawa.

Idan ana son ƙulli shimfiɗaɗɗe, lamba da jiha da birni da shekara duk a sahu ɗaya, ga yadda ake yi:

    rijista = [(n, j, b, s) for n, (j, b, s)
               in enumerate(zip(jihohi, birane, shekaru), start=1)]

Ƙulli na farko zai zama (1, "Kwara", "Ilorin", 1967), na ƙarshe kuma (5, "Zamfara", "Gusau", 1996). Shafin rijista ya dawo ke nan yadda aka san shi.

INDA ZIP YAKE YIN SHIRU

Duk abin da aka faɗa a baya ya dogara ne a kan sharaɗi ɗaya, cewa jerin sun zo daidai tun farko. Zip ba ya bincike, haɗawa kawai yake yi. A ce wajen kwafe biranen an tsallake Owerri, jerin ya zama huɗu:

    birane = ["Ilorin", "Uyo", "Dutse", "Gusau"]

Zip zai haɗa Kwara da Ilorin, Imo da Uyo, Akwa Ibom da Dutse, Jigawa da Gusau. Da ya zo kan Zamfara ya ga birane sun ƙare, sai ya tsaya, ya yar da ita, ba tare da wata sanarwa ba. Ƙa'idarsa ke nan tun asali: yana tsayawa ne a inda mafi gajarta ya ƙare. Ɓarna biyu aka yi a nan, uku sun sami abin da ba nasu ba, ɗaya kuma ta ɓace ɗungum. In albashi ne, ma'aikaci na ƙarshe a jeri shi zai zo ofis yana kuka ba a biya shi ba, a ba shi haƙuri a gyara nasa, alhali asalin ciwon yana can sama a sadara ta biyu.

Abin mamaki, tsohuwar hanyar ƙirga gurabe ta fi zip gaskiya a wannan wuri, domin da ta nemi birane[4] ta rasa, za ta tsaya ta yi ƙara. Masu kula da Python sun daɗe da sanin wannan rauni, amma sai a Python 3.10, a watan Oktoba na 2021, aka kawo magani bisa shawarar Brandt Bucher:

    haɗe = list(zip(jihohi, birane, strict=True))

Da wannan ƙari, in tsawon jerin ya bambanta, na'ura za ta tsai da aiki ta faɗi wanne ne ya gaza. A duk aikin da ya shafi kuɗi ko maki ko magani, babu hujjar barinsa. Shekara ashirin da ɗaya tsakanin zuwan zip da zuwan wannan gyara ba ƙaramin jinkiri ba ne, kuma akwai tarin tsofaffin umarni da ake aiki da su waɗanda aka rubuta kafinsa.

Har da shi ma akwai abin kiyayewa. Zip ba ya auna tsawo tun farko, sai ya isa ƙarshe yake gane an gaza. Idan an tsara aikin ne ta yadda kowace sadara da ta fito ana aika kuɗinta nan take, to kafin ƙarar ta tashi an riga an biya mutum huɗu, uku daga ciki ba daidai ba. Don haka aka sa list a misalin da ke sama, domin a gama ɗinkin duka tukuna, a tabbata ya kai ƙarshe lafiya, kana a fara biya. Wanda na'urarsa ke ɗauke da Python da ya girmi 3.10, sai ya gwada len(jihohi) da len(birane) da kansa kafin ya haɗa.

Akwai kuma zip_longest, wanda ake samu a cikin kundin itertools. Shi ba ya yar da kowa, yakan bi mafi tsawo ya cike giɓi da duk kalmar da aka ba shi, misali "BABU". Yana da amfani in an san dalilin da ya sa jeri ɗaya ya gaza. A misalin nan kuwa yaudara zai ƙara, domin zai rubuta "BABU" a gaban Zamfara, wadda birninta bai ɓata ba, ya bar Imo da Uyo.

Mafi wuyar ganewa shi ne jerin da tsawonsu bai nuna kome ba amma sun goce wa juna. Wannan ya taɓa faruwa a inda rayuka suke. A 2006 wasu masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka buga sakamako a mujallar Nature Medicine, suna cewa sun gano hanyar duba ƙwayoyin gado a san wane magani zai fi yi wa mai ciwon daji aiki. Masana lissafi biyu na cibiyar ciwon daji ta M. D. Anderson da ke Houston, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka yi ƙoƙarin maimaita aikin. Sunayen ƙwayoyin gadon da suka samu suka ƙi dacewa da waɗanda aka buga, har sai da suka gusa jerin da sadara ɗaya, sa'an nan suka dace. Bisa ga bayaninsu, manhajar da aka yi aiki da ita fayil biyu take karɓa, ɗaya na alƙaluma, ɗaya na sunaye, kuma sadarar kai, watau ta farko mai ɗauke da take, ita ce ta shiga ƙidaya ta ture kowane suna da taki guda. Ba wannan kaɗai ne aibin da aka gano a binciken ba, akwai waɗanda suka fi shi muni, kuma ba da Python aka yi aikin ba. Amma an riga an fara gwaji a kan marasa lafiya bisa wannan hanya kafin a rufe gwaje-gwajen a 2010, aka kuma janye takardar a 2011. Babu wani umarni da zai kama irin wannan gocewa. Abin da ke kama ta shi ne mutum ya zaɓi sadarori daga sama da tsakiya da ƙasa, ya gwada su da takardar asali da idonsa.

ZUBI ƊAYA

Akwai wata ɗabi'a ta zip da takan ba sabon ɗalibi mamaki. A Python 2, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, zip yakan ɗinke kome nan take ya miƙo jeri cikakke. A Python 3 kuwa ba ya yin kome sai an nema, kuma ɗaya-ɗaya yake bayarwa. Dalili shi ne tattalin wurin ajiya, don in sadara miliyan goma ce, ba sai an tara su duka a ƙwaƙwalwar na'ura lokaci guda ba. Sakamakon haka shi ne sau ɗaya ake ɗibarsa:

    z = zip(jihohi, birane)
    print(list(z))
    print(list(z))

Bugu na farko zai nuna ƙullin duka, na biyu kuwa baka biyu wayam, domin an riga an juye tulun. Haka enumerate ma yake. Wanda ya ƙirga sadarori da z don ya tabbata sun cika, sa'an nan ya koma zai yi aiki da shi, ba zai sami kome ba, kuma na'ura ba za ta ɗauki wannan a matsayin kuskure ba. In ana bukatar abin fiye da sau ɗaya, sai a zuba shi cikin list tun farko a ba shi suna.

LAMBAR GURBI DA LAMBAR SHAIDA

Lambar da enumerate yake bayarwa ta wurin zama ce a wannan jeri, a wannan rana. In gobe aka ƙara jiha ɗaya a sama, aka sāke lambatawa, kowa lambarsa ta canja. Tana da amfani wajen nuna inda kuskure yake, da kuma mai da abubuwa tsarinsu na farko bayan an jujjuya su, tun da ƙullin da ya fara da lamba, sorted zai jera shi bisa lambar. Amma ba ta isa a gane mutum da ita ba. Wannan ne ya sa hukumomi suke ba mutum lambar da ke binsa duk inda ya je, irin su lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da lambar banki ta BVN, kowacce mai alƙaluma 11. Idan sashe biyu za su yi musayar bayanai, abin da ya kamata shi ne kowane fayil ya zo da irin wannan lamba a kowace sadara, a haɗa su ta hanyar dacewar lambar, kome hargitsewar tsarinsu. Zip na wurin da aka tabbata jerin tare aka haife su ne, daga tushe ɗaya, ba wanda ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya. Wanda kuma yake da ikon tsara yadda za a tattara bayanai tun farko, ya tattara su a ƙulle, suna da kuɗi da lamba a sadara guda, tun ran gini tun ran zane.

AIKIN GWAJI

Ɗalibi ya rubuta jihohi 36 na tarayya a jeri ɗaya, manyan biranensu a wani jeri, ya haɗa su da zip da enumerate, lamba ta fara daga 1, ya buga. Sa'an nan ya ba abokinsa na'urar ya cire birni ɗaya daga tsakiya a ɓoye, ya ƙara Abuja a ƙarshen biranen domin tsawon ya koma 36. Ya sāke haɗawa da strict=True, ya ga ko na'ura za ta yi magana. Daga nan ya nemo sadarar da gocewar ta fara, ya rubuta lambarta, ya kuma ƙirga jihohi nawa ne suka sami birnin da ba nasu ba.